Yaɓen Tanon Ruwan Zafi a Kan Ɗakin Inna

Ni mutum ne mai son a ce ya iya, kuma wannan halin ne ya hau da ni soro da kwandon laka a ka.

Shekarar da ɓarin jikin Inna ya shanye, yayata ce ke yi mata wanka kowace safiya. Don ta huta da hura wuta, muka sa aka ɗora mana abin dumama ruwa da rana: baƙin faranti mai shan rana, da tanon ƙarfe inda ruwan ke taruwa, da tiyo mai saukowa tsakar gida. Mai haɗawar ya zaɓi saman ɗakin Inna, don nan ne inuwa ba ta kaiwa. Da la'asar ruwan har ƙona hannu yake yi. Amma ɗarin Agadas ba ya barin komai da ɗumi, kafin gari ya waye tanon ya huce sarai.

Na naɗe shi da tsofaffin barguna, iska ta kwance su. Na ƙara tabarmar kaba na ɗaure da igiya, aka ɗan samu sauƙi. Sai na yi tunani irin na ɗan garinmu: ɗakin ƙasa na riƙe ɗumi, to me zai hana a yi wa tano nasa ɗakin? Na kwaɓa laka da ciyawa da kashin jaki, na shiga yaɓawa a kan tabarmar, da kauri kamar katanga. Yaya ta ce in kira magini. Na ce mata yaɓe ai ba karatu ba ne.

Ko kaɗan ban tuna da nauyi ba. Ga ɗanyar laka, ga tano cike da ruwa, ga ni da ba siriri ba, dukanmu a kan itatuwan goruba da kakanmu ya jera.

Rana ta biyu da hantsi, ina durƙushe ina shafe gefen ƙarshe, na ji ƙas a ƙarƙashina. Rufin ya ɗan lotsa daidai gwiwata. Na san abin da ke ƙasa da gwiwar nan: gadon Inna.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Hannuwana na cikin laka na kasa zare su. Na tabbata in na miƙe, ko na yi tari, da ni da tanon ruwan zafi za mu sauka a kanta. Ko kiran Yaya a hankali na yi shi.

"Yaya, fito da Inna."

"Yanzu na gama shafa mata mai. Lahiya?" ta ce daga tsakar gida.

"Don girman Allah fito da ita. Kada ki bugi ƙofa."

Ta ɗago ta dube ni, ta shiga ba ta ƙara tambaya ba. Daga nan ba na ganin komai, sai kunne. Na ji gado ya yi ƙara. Na ji muryar Inna, wadda tun ciwon ba ta fita sosai. Na ji ƙasa na zuba a kan kwano, tsit-tsit. Yaya ba ta taɓa ɗaukarta ita kaɗai ba, kullum mu biyu ne. Ina ta salati a zuci, ina mantawa da inda na tsaya in sake farawa. Sai ƙas na biyu, wanda ya fi na farko, tanon ya ɗan karkato wajena har na ji ruwan ya motsa a ciki. Na rufe ido.

Da na buɗe, Yaya ta fito a duƙe da Inna a baya, ƙafar da ta shanye na jan ƙasa. Ta kwantar da ita a gindin katanga, ta ruga ta buɗe pampo. Ruwan zafi ya yi ta kwarara yana tururi har tanon ya zama fanko. Sannan na ja ciki na kai bakin soro, na sauko.

Na leƙa ɗakin. Itace ɗaya ya karye yana reto, ƙaton hoge ya faɗo a kan matashin kai.

Na dawo na tsuguna gaban Inna, na kasa haɗa ido da ita. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta yi wata magana da ban gane ba. Ta maimaita. Yaya ta kai kunne bakinta, ta saurara, sai na ga ta zauna daɓas a ƙasa.

"Me take cewa?"

"Wai tun jiya take kallon itacen yana tsagewa," in ji Yaya. "Ta yi ta gaya mini. Ni kuwa na ɗauka ruwa take so, na yi ta ba ta."