Ƙafafun Kawu a Kwazazzabon Bayan Kazaure

Mu huɗu muka yi wannan tafiya: Kawu Isa, yayan mahaifiyata, manomi a wani ƙauye gabas da Ɗanbatta; ɗansa na fari, Yaya Habibu; Nura, abokin karatuna a jami'a, wanda ya tashi a gindin duwatsun Kazaure; sai ni. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Kawu ya biya kujerar Hajjin bana, amma tun ciwon gwiwar da ya kwantar da shi da damina, Yaya Habibu ya dage a ɗage tafiyar zuwa baɗi. Kawu ya ce shi ba wanda ya yi masa alkawarin baɗi. Da gardama ta yi tsawo aka tsayar da magana: in ya ratsa kwazazzabon da Nura yake yawan ba mu labari, ya kai marmaron da ke ƙarshensa da ƙafarsa, ba mai ƙara tayar da zancen.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Daga tashar Ɗanbatta muka shiga motar haya, direba yana ta ƙorafin tsadar fetur kamar mu muka yanka masa farashi. Gonaki sun bushe, ba a ganin komai sai tushiyar dawa da tsibin takin da aka fara kaiwa. A Kazaure muka karya da koko da ƙosai, sannan 'yan acaɓa suka sauke mu inda hanya ta ƙare.

Kuskurenmu na farko na mutanen fili ne. A wajenmu, abin da ido ya hango, ƙafa ta kusa kai masa. Nura ya nuna wata tsamiya a kan tudu, ya ce marmaron yana gindinta. Yaya Habibu ya ce ashe kafin hantsi mun juyo. Sa'a uku muka yi ba mu isa ba.

Ruwan damina ne ya ƙwaƙule wurin tsakanin duwatsu biyu. Ƙasansa rairayi ne mai laushi, bangayensa jajaye sun fi gidan sama tsawo, a wani wurin kuma sai mutum ya karkace kafaɗa yake wucewa. Inda duwatsu suka toshe hanya, da hannu da gwiwa muke hawa. Kawu ya tuɓe takalmansa ya cusa a aljihu, ya ce shi bai taɓa yin aiki da takalmi ba. Yana tafe a hankali, yana dogara sanda. Sau biyu na ga ya dafa gwiwa ya runtse ido.

Dab da tsamiyar akwai wani falalen dutse mai santsi, tsawonsa ya kai gaba uku. Nura ya hau, na bi shi. Kawu ya miƙo mana sandarsa, ya riƙa laluben tsaga da yatsun ƙafa, yana hawa yana hutawa, har ya fito. Yaya Habibu ya tsaya a ƙasa don ya tare mahaifinsa ko da zai zamo. Da nasa hawan ya zo, yana tsakiya sabon takalminsa ya zame, takalmin ƙafa ɗaya ya cire ya faɗa cikin rami. Ya manne da dutsen, ba gaba ba baya.

A gonar Kawu akwai ƙa'ida: wanda ya fitar da kunyarsa ta noma ba ya zama, juyowa yake ya tarbi na baya. Kafin mu yi shawara Kawu ya warware rawaninsa, ya ba mu gefe ɗaya, ya fara sauka.

"Baba, kada ka sauko! Gwiwarka!"

"Kai wannan, rufe baki ka kama," in ji Kawu, don ba ya ambatar sunan ɗan fari. "Ka zo don ka tare ni, ga shi ni nake tarbarka."

Muka ja, rawani yana kecewa, har suka fito tare.

Marmaron bai fi faɗin tabarma ba, amma ruwansa garau, mai sanyi. Muka yi alwala, Kawu ya ja mu sallar azahar. Muna cin zogale da ƙuli-ƙuli Yaya Habibu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, jibi zan kai ka a yi maka allurar maniyyata."

"Allah ya kai mu," in ji Kawu, ya ci gaba da tauna.

Ta wata hanyar makiyaya muka sauko, muka iso gida ana kiran magariba. Na koyi cewa nisa a kan dutse ba a auna shi da ido, ƙarfin dattijo kuma ba a auna shi daga kan gadon jinya.

Abin da muka rasa: takalmi ƙafa ɗaya, rawani ɗaya, gorar ruwa biyu, da sandar Kawu da ya manta a gindin tsamiya.