Ranar da Malam Rufus Ya Yi wa Kwaɓi Fifita

Malam Rufus Kumai yana tsaye a bakin taga, hannuwa a sama, yana jan numfashi na bakwai cikin goma sha biyun da yake ja bayan kowane cin abinci. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Kafanchan, ritaya kuma ba ta raba shi da darasi ba. A cewarsa, tuwon accan da ya ci bai zama ƙarfi ba tukuna. Sai ya narke ya koma sukari, jini ya kai shi cikin ƙwayoyin jiki, inda wasu 'yan murhuna da ido ba ya gani suke farfasa shi da iskar da aka shaƙa.

Matarsa Faustina ta daɗe da daina musu. Ranar ita ce za ta kai wa zumuntar matan coci fanke da ƙarfe huɗu, mata arba'in, kowacce da bakinta. Ta kwaɓa fulawa da sukari da yis, ta rufe robar da leda da tsohon zane, ta ajiye a rana, ta tafi kasuwa sayen mai. Abu ɗaya ta roƙe shi: ya riƙa korar kaji.

Malam ya tsaya a kan robar, tausayi ya kama shi. Ai yis ma halitta ne, miliyoyin bayin Allah a rufe, babu ko taga. Ya yaye zanen, ya cire ledar, ya kai robar falo ya ɗora kan siminti mai sanyi. Ya ɗauko mafici ya zauna yana yi musu fifita a hankali, kamar mai jinya, har awa biyu.

Faustina ta dawo ta tarar da kwaɓin a kwance, ya yi sanyi, samansa ya bushe ya tsattsage.

"Baban Tamar, me ka yi wa kwaɓina?"

"Iska na ba su."

Ta ajiye galan ɗin mai, ta gaya masa tun tana yarinya a Kachia ta san kwaɓi ɗumi yake so da rufi. Nan take darasinsa ya faɗo masa: yis yana farfasa sukari ko babu iska, iskar da yake fitarwa kuma ita ke tayar da kwaɓi. Yara nawa ya kayar a jarrabawa kan wannan.

Saura rabin awa. Faustina ta ce ba za ta tsaya gaban Mama Bridget, shugabar zumunta, hannu wofi ba.

"Kai ne malami. Je ka yi musu bayani."

Sai fuskarsa ta washe. Ya tambaya ko akwai allo a ɗakin taron. Ya laluba aljihun tsohuwar kwat ɗinsa ya ciro guntun alli, ya sa hula, ya fita.