Karsanar Kausar Tana Garkenka, Baba Tahirou

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agustan 2025, ina wurin aiki aka bugo mini waya cewa Allah ya karɓi ran Alhaji Tahirou, dillalin shanu na unguwar Albarika a Parakou, bayan gajeriyar jinya. Aka yi masa sutura da la'asar, mahauta suka rufe tebura, makiyaya suka sauko daga rugage da sandunansu.

Baba, ni ce Firdausi, 'yar Malam Illiyasu mai goro na Djougou. Ba ka haife ni ba, ba mu haɗa dangi ba, amma kai ka kai ni inda ubana bai taɓa mafarkin kai ni ba.

Hanyarka daban ce. Da ka ji 'yar talaka ta shiga kwaleji kuma tana da ƙwaƙwalwa, sai ka ware karsana da sunanta a cikin garkenka. Kafin ta gama sakandare saniya ta hayayyafa, sai a riƙa fitar da bijimi duk shekara ana biyan makaranta. Na tuna ranar da ka zauna a rumfar mahaifina kana ɓara goro, ka ce masa, "Illiyasu, na ba 'yarka karsana, amma ba zan ba ka igiyarta ba. Na san ku mutanen Djougou, kafin salla ka sayar ka yi mata kayan ɗaki." Mahaifina ya yi dariya har da hawaye, domin gaskiya ka faɗa.

Da na ci jarrabawa, kai ka raka ni jami'ar nan mai zaman kanta, wadda 'ya'yan masu hali ke zuwa da motoci. Ka zauna cikinsu da rigarka mai warin kara, ko a jikinka. Duk Juma'a ƙullin nama yana isa ɗakinmu na ɗalibai a unguwar Ganou, har da saƙon cewa mai karatu da yunwa ba ta riƙe komai. Masu baki sun ce mata kake nema a cikinmu. Ka bar su da surutunsu, ka rayu da Hajiya Tani ita kaɗai har ka koma ga Allah. Yau ina sashen gwajin jini a asibiti, ni na ɗauke wa mahaifina haya, ni nake karantar da ƙannena.

Sai dai, Baba, tun ranar sadakar uku hankalina bai kwanta ba, kuma ba ka koya mini rufe baki ba. Wannan dabarar taka ta riƙe igiya, ita ce ta zama abin tsoro. Wani malami ya faɗa a zaman makoki, ba tare da an tambaye shi ba, cewa kyautar da ba ta bar hannun mai ita ba har ya rasu, gado ce. Shanun kuwa suna garkenka, shaidarka ce a kunnuwansu. Ban san wanda ya kai masa maganar ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Akwai yarinya ɗaya da ta rage, Kausar, 'yar wata mai tuwo a unguwar Gare. Saura mata shekara guda ta gama jami'ar da na yi, kuma watan Oktoba za a koma. Idan jar saniyarta da 'ya'yanta suka shiga rabo, karatunta ya tsaya ke nan, ta koma bakin murhu. Ita ta yi ta jigilar ruwa wa masu gaisuwa, ba ta tambayi kowa komai ba.

Na ga wakilin jami'ar ya zo da mai ɗaukar hoto, ya yi alkawarin za su buɗe tallafin karatu da sunanka. Na bi shi har mota na tambaye shi ko Kausar na ciki. Ya gyara tabarau ya ce, "Madam, sai kwamiti ya zauna." Ina jin sunanka suke so a allon tallarsu. Na kuma ji an ce babban ɗanka Anwar ya je ruga tare da wani mai babbar mota. Da na tambayi Anwar, ya ce mini gaisuwa ya kai wa makiyayan. Wataƙila haka ne, Allah ya yafe mini zato, amma ban taɓa ganin an je gaisuwa da mai ɗaukar shanu ba.

Da na shiga wurin Hajiya Tani a ɗakin takaba, ta kama hannuna ta ce, "'Yata, na ji abin da ake ƙullawa. Ni mace ce, ba zan ja da malamai ba. Amma ina da tumunina. Ranar rabo, jar saniyar nan da 'ya'yanta nake so a cikin kasona, ko da su kaɗai zan samu." Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Abin da ban sani ba shi ne ko saniyar za ta kai ranar tana ruga.

Allah ya jiƙanka, Baba Tahirou, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane harafi da muka karanta ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Tani, da ƙanenka Alhaji Muntasir, da 'yan kara da mahautan Parakou, da dangi na Djougou. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Kai kuma Yaya Anwar, ina yi maka gaisuwa ta musamman. Shari'a tana iya halatta maka saniyar nan, ba zan musa ba. Amma kana tsaye ranar da mahaifinka ya ɗora hannu a bayanta ya kira sunan Kausar, kuma kai ne ka riƙe masa igiyar.