Bangon Bayan Tanki

Duk wanda ya taɓa aikin gini a garin ya san Malam Akurki. Ba iyayensa ne suka raɗa masa sunan ba. Wani injiniya ne ya liƙa masa shi, shekara ashirin da shida da suka wuce.

A lokacin yana matashin birkila, ɗan maginin ƙasa, jikan maginin ƙasa. Ana gina ofisoshi a jami'a, sai ya ce wannan bulon siminti zai dafa mutane da rani. Bai tsaya nan ba, don shi ma akwai rawar kai. Ya buga bulon ƙasa da hannunsa, ya ɗora ɗan bango iya ƙugu a gefen fili, wai a taɓa a ji sanyinsa. Injiniya, wanda ko shekara bai yi da gama karatu ba, ya zagaya bangon, ya sa takalminsa mai ƙarfe a baki ya hankaɗa. Bango ɗanye, kwana ɗaya da ɗorawa, ai sai ya zube.

"Je ka gina wa kaji akurki," in ji Injiniya. "Nan jami'a ce."

Leburori suka kwashe da dariya. Daidai lokacin kuwa matarsa ta iso da kwanon abinci a ka, watansu uku da aure. Ta ga komai. Ta ajiye kwanon a ƙasa ta juya. Daga ranar ba ta sake taka wurin aikinsa ba, ba ta kuma taɓa tayar da zancen ba. Wannan shirun nata ya fi dariyar leburori ci masa rai.

Suna ya bi shi. 'Ya'yansa a makaranta 'ya'yan Akurki ne. Ya gina gidansa da ƙasa, in zafi ya matsa maƙwabta su cika masa ɗakin baƙi, su sha barci har da minshari, in za su tafi su ce, "Mun gode, Malam Akurki." Yakan yi murmushi. A zuciyarsa kuwa takalmin nan yake gani, kullum kamar jiya.

Sai duniya ta juya. Wuta ta zama sai an ga dama, hayaƙin janareta ya ishi jami'a, ɗalibai suna suma a ɗakunan kwana. Aka yanke shawarar gina sabon masaukin ɗalibai wanda zai sanyaya kansa: bango mai kauri na bulon ƙasa, tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, sola a kan rufi, da ƙaton tanki na tara ruwan sama. Wa aka ba jagoranci? Injiniya! Ya yi tumbi, ya yi furfura, ya je kwas na wata uku ya dawo yana shiga rediyo yana zancen hikimar kakanni. Kai, jama'a!

Da aka nemi magini, ƙofa ɗaya kowa ya nuna. Injiniya ya miƙa masa hannu yana fara'a. "Malam Akurki ko? An ce kai ne gwani. Wai ina ka samo wannan suna?"

Ashe ya ma manta. Malam ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ya ce, "Wani ne ya ba ni, ranka ya daɗe," ya karɓi aiki.

Aiki kam ya yi shi tsakani da Allah. Kowace mota ta ƙasa sai ya dunƙula, ya shinshina, ya saki dunƙulen daga tsayin ƙirji ya ga yadda zai fashe. Wadda yashi ya yi mata yawa ya mayar. Gini ya tashi hawa biyu, jawur, in ka shiga da tsakar rana sai ka rantse akwai fanka.

Saura wata biyu a buɗe, shugaban jami'a ya zo ya yatsine fuska. Manyan baƙi za su zo, a nuna musu ginin ƙauye? Injiniya ya ce wannan mai sauƙi ne, a yi filastar siminti a shafa farin fenti.

Malam ya san abin da zai biyo baya. Bangon ƙasa numfashi yake yi, ya sha damshi ya fitar. In ka rufe shi da siminti, damshin ya rasa hanya, ya taru a baya, filasta ta saki. Kuma ya san Injiniya ba wawa ba ne. Da zai same shi a ofis ya rufe ƙofa ya faɗa masa a hankali, wallahi zai ji. Kwana uku yana juya zancen. Sai ya jira taron ranar Litinin, ga shugaba, ga ɗan kwangila, ga leburori a tsaye, ya ɗaga hannu ya buɗe murya.

"Ranka ya daɗe, wannan kuskure ko ɗan koyo ba zai yi shi ba. Siminti ba ya zama a kan ƙasa. Yaɓen ƙasa ake yi, a shafa farar ƙasa."

Fuskar Injiniya ta canza. "Malam, kai ka yi karatun ko ni?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Sakatare, don Allah a rubuta cewa na faɗa."

Aka rubuta. Malam kuwa ya yi filastar da hannunsa, sumul, ba inda za ka ce an yi ha'inci. Bango ɗaya kawai ya tsallake, na bayan tanki, inda ba baƙon da zai leƙa. Shi ya yi masa yaɓe irin na ubansa, ya shafa farar ƙasa, ya saje da sauran.

Da ya ba matarsa labari, ta dube shi ta ce, "Malam, in ya faɗo wa 'ya'yan mutane fa?"

Ya riga ya yi wannan tunani. Kowace ƙofa da rumfar kankare a kanta. Sannan ya lallaɓa mai lambun jami'a ya dasa shingen ƙaya mai faɗin taku uku, ya zagaye ginin kaf. Mutum ɗaya yake nema, ba ɗan kowa ba.

Ranar buɗewa aka manna allon tagulla mai sunan Injiniya a jikin filasta, aka yi tafi. Malam ko kujera ba a ba shi ba. Amma duk ƙarshen mako sai ya zo da cokalin gininsa ɗaure a doguwar sanda, ya miƙa ta saman ƙaya ya ƙwanƙwasa bango. Daminar farko shiru. Ta biyu ya ji ƙwal-ƙwal, kamar gwangwanin da ba komai a ciki. Ranar sai da ya nemi ƙarin abinci.

Wata safiya bayan ruwa, ɓangare mai girman ƙyaure ya ɓalle ya faɗa cikin ƙaya, da allon tagulla da komai. Kafin mako ya zagayo gini ya yi dabbare-dabbare. Aka kafa kwamiti. Injiniya ya tsaya gabansu ya ce laifin ƙasa ne, ginin ƙasa ba ya jure ruwa, magini ma bai iya ba.

Nan ne gaban Malam ya faɗi. In suka yarda, ba shi kaɗai aka kayar ba, har ubansa da kakansa. Ya ce su biyo shi. Suka ratsa ta bayan tanki suna tattare riguna. Ga bango fari tas, ko tsaga babu. Sakatare ya buɗe littafi ya karanta abin da aka rubuta ranar Litinin ɗin nan.

Malam ya dubi ƙafar Injiniya, sannan ya dubi fuskarsa. "Ga bango, ga takalmi, ranka ya daɗe. Wannan ya bushe."

Sai a lokacin mutumin ya tuna. Da kwamiti ya juya, ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Me ya hana ka same ni a ofis?"

"Ni ma a gaban mutane aka yi mini."

Aka sallami Injiniya, aka ba Malam aikin ɓamɓare siminti da sake yaɓe. Rana ta uku yana bisa katako da azahar, sai ya ji hayaniya a bakin ƙofa. Mai gadi ya tare wata dattijuwa da kwano a ka, yana tambayarta wa take nema.

"Wanda ya gina wannan," in ji ta, da muryar da duk leburori suka ji. "Ni ce matarsa."

Malam ya ajiye cokali. Sai da ya goge idonsa da hannun riga kafin ya ga matakalar sauka.