Malam Sale da Na'urar da Ta Koma Sinanci

Duk wanda ya taɓa kai wa Malam Sale mota garejinsa na Kura ya san ba ya taɓa sufana sai ya ɗora kunne a kan bonet, kamar mai sauraren gulma. Ni direban motar tumatir ne, shi ya riƙa duba mini ita har ya bar duniya.

Ɗansa Nura ya kawo masa na'urar gano ciwon mota daga Kano, irin wadda ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Kwana biyu da zuwanta Malam ya danna wani wuri, rubutun ya koma Sinanci kaf.

Na ce, "Malam, a kira Nura ya mayar da ita Turanci mana."

Ya dube ni. "Turancin da ma ji nake yi?"

Haka ya zauna ya haddace zanen. Mai kama da tsani, wai birki ne. Mai kama da kaza a kan katanga, batir.

Wata rana na ɗauko kwanduna fal daga Kadawa, motar ta mutu a bakin kanal, rana tsaka, tumatir ya fara tsiyayar da ruwa. Malam ya zo a babur, ya jona na'urar, ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Ta ce fulogi."

Na ce, "Malam, motar gas ce fa. Ba ta da fulogi."

"To, a ƙasarsu tana da shi."

Ya ajiye ta, ya ce in murɗa makulli, ya kasa kunne. Iska ce ta shiga bututun mai. Ya fitar da ita, mota ta tashi. Sai ya shafa na'urar ya ce, "Ai abin da take nufi ke nan."

Da Nura ya zo hutun salla, ya mayar da ita Turanci ba tare da ya tambaya ba. Malam ya kwana uku ba ya amsa gaisuwarsa, wai ya rushe masa karatu. Garin neman Sinancinsa ya yi ta danne-danne, sai ga Larabci. Na same shi ya wanke hannu tas, ya tanƙwashe ƙafa, yana karanta matsalar wata a-kori-kura da ƙira'a, har da jan madda. Mai motar ya saki baki.

"Me ta ce, Malam?"

"Ban sani ba. Amma wannan karon ba za ta yi ƙarya ba."

Ranar jana'izarsa manoma suka zo tun daga Bunkure, kowa da labarin injin ban-ruwan da ya tayar masa lokacin da shinkafa ke neman ƙonewa. Muna dariya, muna share ido.

Allah ya jiƙanka, Malam Sale. Allah ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya mana rai.