Jikar Sarki a Kan Tabarmar Inna

Lokacin da nake koyarwa a wata lakwal a Gure, wata Bajamushiya ta kama haya a gidan da ke jikin namu. Furoje, wato aikin tsayar da tudun rairayi, shi ya kawo ta. Da safe mota ta kwashe su ita da abokan aikinta zuwa wajen Gidigir, da la'asar ta dawo ƙafafu butu-butu da ƙura, ta leƙo ta katanga ta ce, "Inna, akwai fura?" Mahaifiyata ta saba da ita har takan aike ta ɗauko ludayi, ta yi mata faɗa in ta fita ba kallabi.

Wata Juma'a muna zaune a tsakar gida, na ce ta nuna mana garinsu. Ta buɗe salula, ta nuna mana hotuna. Ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogi, bai kai Gure ba, amma a tsakiyarsa ga wani gini rawaya, tagogi jere reras.

Na ce, "Wannan otel ne?"

Ta ce, "A'a, Madam. Fadar kakannina ce."

Ta yi mana bayani da Hausarta mai tuntuɓe, inda ta kakare ta koma Faransanci ina fassara wa Inna. A da, in ji ta, Jamus ƙananan masarautu ce barkatai, kowace da sarkinta da sojojinta. Tasu ma mai doki zai ƙetare ta a yini. Bayan yaƙin duniya na farko aka sauke sarakunan duka.

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Jikar sarki nake aike? Tashi daga tabarmar nan, ƴar nan. Ke, kawo mata kujera!"

Ta ƙi tashi, tana dariya. Ta ce fadar yanzu ta gari ce, kowa na shiga ya ga ɗakin kwanan sarki, ita ma layi take bi. Babanta kuma likitan haƙori ne.

Ban gama haɗiye wannan ba, sai ga hoton wani dogon allo na dutse a bakin ƙofar fadar, cike da rubutu. Na tambaye ta. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce wani kakansu ya riƙa kwashe samarin manoma yana ba wani sarki na waje hayarsu, a kai su yaƙi bayan teku. Da abin da aka biya shi ya ƙarasa ginin. Da yawa ba su dawo ba, sunayensu ne a allon.

"Ana kai ƴan lakwal su karanta," in ji ta. "Ajinmu ma an kai mu. Ina tsaye malami ya karanta, kowa yana kallona."

Inna ta ce, "Kuma danginku suka bari aka kafa wannan a ƙofar gidansu?"

"Kakata ce ta nema, Inna."

Shekara da shekaru ina sa yara haddar sunayen sarakunan Damagaram da na Muniyo, ban taɓa tambayar su wa suka ɗauki ƙasar ganuwa a ka ba.

Can, ba tare da ta dube mu ba, Inna ta ce, "Kakata ma kamo ta aka yi. Tana ƙarama, ta je ɗiban ruwa da yayarta, mahaya suka sure su. Ita aka kawo nan, yayar ba a san inda aka kai ta ba."

Na ce, "Inna! Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Wa ke faɗin irin wannan? Da an sani, wa zai aure ni a lokacin?"

Na tambaye ta sunan garin da aka kamo kakar tata. Ta ce tsohuwar kanta ta manta, abin da take tunawa kawai akwai manyan duwatsu da itatuwan kaɗanya. Baƙuwar ta kife salularta a cinya. Muna nan zaune har aka kira magariba, Inna ta tashi ta ɗauki buta.