Rabin kwamfutata na cikin kogi

Jama'a, masu tambayata ko sabuwar kwamfutar nan mai rabuwa biyu ta fi tsohuwa, ku ji abin da ya same ni yau!

Da safe na hau kwalekwale zuwa wani ƙauye a gefen Guri, zan nuna wa manoman shinkafa hotunan cutar da ke cin gonakinsu. Na buɗe kwamfutar a cinyata ina dubawa. Kusa da ni wata mata ce da 'yarta ƙarama Falmata, yarinyar sai leƙen hotunan take.

Muna tsakiyar ruwa jirgin ya daki wani kututture, ya karkata. Yarinyar ta sulale daga hannun uwarta. Uwar ta ce, "Malam, Falmata!"

Ban san lokacin da na saki komai ba. Na cafko rigarta, ƙafafunta sun riga sun shiga ruwa. Ruwan yana ja, ina ja. Baba Modu mai tuƙi ya ce, "Kada kowa ya miƙe, za mu kife!" Da ƙyar na ɗago ta.

Sai da muka natsu na duba cinyata. Kibod kaɗai ya rage, fuskar ta ɓalle ta nutse. Baba Modu ya lalube da gora, laka kawai ya tono.

A gaɓa uwar sai addu'a take. Falmata ta ja hannuna ta ce, "Kawu, ina hotunan?"